Decyl glucoside: fuska ta karɓe shi, gashi kuwa sai da mataimaki

'Yan uwa masu haɗa sabulun ruwa da shamfu a gida, yawancinmu da Texapon, sinadarin nan mai kawo kumfa da fitar da datti, muka koyi sana'a, hannunmu ya saba da shi. Decyl glucoside shi ma aikin da yake yi ke nan, amma ba halinsu ɗaya ba, gara ku san haka tun kafin ku zuba jarinku.

Ruwa ne mai ɗan yauƙi, fatsi-fatsi, ana yin sa da sukarin da ake samu daga sitacin masara da kuma maiƙon kwakwa ko na alayyadi. Abin da ke cikin jarkar kusan rabinsa ruwa ne, sai a lura da wannan wajen awo. Yana zuwa da pH (ma'aunin tsami ko kanwa-kanwar abu) kusan 12, alhali na fatar mutum bai wuce wajen 5 ba. Don haka bayan na gama haɗi nakan narka sitirik asid, in riƙa ɗigawa ina juyawa ina tsoma takardar gwaji, har ya sauko 5.5. Wadda ta tsallake wannan mataki ta cuci fatar mai saye. Gishiri kuma ba ya kaurara shi ko kaɗan, ko kin juye cokali nawa yana nan tsululu. Don ya yi kauri, garin xanthan gum nake damawa da gilisarin tukuna, sannan in zuba, don kada ya yi gudaji.

A sabulun wanke fuska ne ya biya ni kuɗina. Da hunturu fuskata kan ɗaure ta yi furu-furu da zarar na wanke, amma da wannan sai ta fita tas, kumatu da laushinsu. Kumfarsa ba ta cika kwano kamar ta Texapon, kuma da wuri take kwantawa, abin da wasu masu saye ke ɗauka rashin ƙarfi ne. Sai na zauna na yi musu bayani, domin datti yana fita.

A gashi ne nake da ƙorafi. Shi kaɗai, idan aka tsefe kitso aka wanke da shi, gashin kan cukurkuɗe, mataji ya riƙa tsayawa a hanya. Da na haɗa shi da cocamidopropyl betaine (wani sinadarin wanki mai sauƙi) da ɗan gilisarin, gashin ya fi sakewa, kumfar ma ta ƙaru.

Ina roƙonku kada mu ce wa mutane tunda daga tsiro yake ba ya yi wa kowa illa. A 2017 ƙungiyar likitocin fata masu nazarin borin jiki a Amurka ta ja hankali kan dangin glucoside, saboda akwai waɗanda yake sa wa ƙaiƙayi da ƙuraje. Mai fata mai saurin bori ta fara gwadawa a cikin gwiwar hannu.

Ya fi Texapon tsada sosai, shi ya sa ba na sa shi a sabulun wanke-wanke. Na fuska da na wankan yara kuwa, da shi nake yi yanzu.