Sharhi: kwana uku na fatsa a mashigar Salum, gab da shigowar bazara

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina fatsa a kogin Isa, galibi ranakun Asabar da Lahadi tsakanin Gamkalle da Saga, wani lokaci kuma in ɗauki hanyar Boubon in kwana wajen wani abokina masunci. Ban taɓa jefa ƙugiya cikin ruwan gishiri ba sai bana, a makon ƙarshe na watan Fabrairu, lokacin da aiki ya kai ni Dakar, na kuma ƙara kwana huɗu daga aljihuna domin in gwada wani masauki da ke shirya wa baƙi fita fatsa a Ndangane, cikin mashigar kogin Salum. Tun da na dawo Yamai abokai suke tambayata ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, shi ya sa na ga gara in ba da amsar sau ɗaya a tsanake.

Abin da muka yi ciniki a kai shi ne jika 65 a kowace rana, wadda ta haɗa kwalekwale mai inji, da mai, da matuƙi da yaronsa, da sandunan fatsa, da abin sa wa ƙugiya, da abincin rana. Kuɗin ɗaki daban ne. Tunda sefa ɗaya muke kashewa da Senegal, babu wahalar canji. Ɗan yayata da ke karatu a Jami'ar Cheikh Anta Diop ne ya raka ni, kuma shi ya zama tafinta, domin matuƙin namu, wani dattijo daga cikin masuntan ƙabilar Serer da ake kira Niominka, Faransancinsa bai wuce na gaisuwa da ƙidaya ba, amma yana jin Wolof.

Ƙorafina na farko yana kan wanda ya karɓi odar tawa ta WhatsApp tun ina gida. Na tambaye shi sau biyu ko ƙarshen Fabrairu lokaci ne mai kyau, sau biyu yana ce mini kowane lokaci akwai kifi. Ba ƙarya ya yi ba, amma ya ɓoye rabin maganar. Mu a Yamai idan Fabrairu ya kusa ƙarewa hunturu yana ban kwana ne, zafin bazara ya fara leƙowa, kogi kuma ya fara sauka daga cikarsa ta lokacin sanyi. A gabar Senegal kuwa wannan shi ne tsakiyar lokacin ruwan sanyi. Daga wajen Disamba har zuwa Mayu iskar arewa takan kaɗa ba ƙaƙƙautawa, tana ture ruwan gaɓa na sama-sama zuwa tsakiyar teku, sai ruwan can ƙasa mai sanyi ya taso ya maye gurbinsa ɗauke da abincin kifi. Wannan ne yake kawo yalwar ƙaramin kifin nan da suke kira yaboy, wanda talaka yake ci, kuma a wannan lokaci ne aka fi samun cof, kifin da suka fi daraja wa shinkafarsu, ko da yake kowa a can yana kukan ya yi ƙaranci saboda yawan kamu. To amma iskar da take kawo kifin ita ce kuma take hana ƙaramin kwalekwale sakat da zarar rana ta take. Da an gaya mini haka, da na zo da rigar sanyi, da kuma ban sa rai zan yini a bakin teku ba.

Ranar farko na yi sallar asuba na ɗauki jakata na sauka bakin ruwa, kamar yadda nake yi a Saga, inda wanda rana ta fito masa a gida ya riga ya yi asarar rabin kamunsa. Na tarar da kwalekwalen zaune a kan laka, ruwa ya janye ya bar shi da taku kusan ashirin. Dattijon yana gefe yana shan shayi. Da na nuna masa agogo sai ya yi murmushi ya faɗi wata magana, ɗan yayata ya juyo ya ce mini: “Kawu, ya ce a nan ba rana ake dubawa ba, ruwa ake dubawa.” Sai ƙarfe tara muka tashi.

Wannan shi ne babban abin da mutumin kogi zai koya, kuma shi ne abin da na ga kuɗina sun saya. Teku takan kawo ruwa ta janye sau biyu a yini da dare, kuma kowace rana lokacin yana jinkirta da kimanin minti 50, saboda wata yake bi. Idan wata ya cika, ko kuma a kwanakin ɓatansa da tsayuwar sabo, cikar takan fi ƙarfi, janyewar ma haka. Kifi yana cin ƙugiya ne lokacin da ruwa yake tafiya, yana kwaso jatan lande da ƙananan kifaye daga cikin saiwoyi. Da zarar ruwa ya tsaya cak, ko a ƙarshen cika ko a ƙarshen janyewa, sai ka rantse babu mai rai a ƙarƙashinka. Dattijon ba ya riƙe da takarda ko waya, amma yakan dubi alamar jiƙa a jikin saiwa ya ce saura kaza, kuma ban ga ya kuskure ba ko sau ɗaya.

Mun yini ranar a cikin ƙananan rassan ruwa da suke kira bolon, waɗanda suka ratsa dajin itatuwan da ke tsirowa cikin ruwan gishiri, saiwoyinsu a tsaye a waje kamar ƙafafun gizo, kawa, wata halittar ruwa mai ɓawo mai kaifi, ta manne musu ko'ina. Yankin yana cikin jerin wuraren tarihi na duniya na UNESCO tun 2011, kuma wanda ya shiga zai ga dalili. Da jatan lande ɗanye muka yi fatsa, da dalma mai ɗan nauyi domin kada igiyar ruwa ta ɗauke zaren. Na kama jajayen kifi huɗu, irin wanda suke kira karp ruj da Faransanci, babbansu bai wuce kilo ɗaya da rabi ba. Na biyar, wanda na tabbata ya fi su duka, ya fizge ni ya shige cikin saiwoyi, ɓawon kawa ya yanke zaren kamar an sa reza. Laifina ne a wani ɓangare, domin na saba da tarwaɗa wadda ake ba ta zare ta gaji. Wannan kifin idan ka ba shi taku biyu ya tafi. Amma da na murza ragowar zaren a yatsana sai na ji ya yi kaushi, rana ta cinye shi, alamar an daɗe ba a sauya ba.

A nan ƙorafi na biyu yake. Kayan fatsar masaukin ba su dace da kuɗin da ake karɓa ba. Cikin sanduna huɗu biyu ne kawai abin naɗe zarensu yake juyawa ba tare da ƙara ba, ƙugiyoyi da yawa sun yi tsatsa, kuma rigar ceto biyu ce ga mutum huɗu. Na yi magana da yamma, washegari aka ƙaro riga ɗaya aka sauya zare a sanda ɗaya, sauran aka ce sai an aiko daga garin Mbour.

Rana ta biyu ni na matsa a kai ni bakin teku sosai, wajen ƙauyen Djiffer, dattijon kuwa bai so ba. Ruwan ya jinkirta, saboda haka sai kusan ƙarfe goma muka tashi, kuma kafin mu isa iska ta riga ta farka. A nan ne aka nuna mini inda teku ta fasa zirin yashin Sangomar a 1987 ta mayar da ƙarshensa tsibiri, kuma ɓarakar tana ƙara faɗi tun daga lokacin. Ta wannan kafa igiyar teku take shigowa ta haɗu da ruwan da ke fita, kwalekwale ya riƙa tashi yana faɗuwa. Na yi awa ɗaya ina daurewa saboda kunyar yaro, daga baya na mayar da karin kumallona ga kifaye. Abin da muka samu duka barakuda ɗaya ce, doguwa kamar zungo, haƙora kamar na kare, wadda yaron matuƙin ya kama da ƙugiya mai ɗaurin waya, domin zaren roba ba ya tsira a bakinta. Da azahar muka juyo, jiƙe sharkaf, ina rawar ɗari a watan da a gida ake fara neman inuwa. Ba a rage mini ko dala daga kuɗin yinin ba, kuma ban nema ba, tunda an gargaɗe ni na ƙi ji.

Rana ta uku na ce wa dattijon, ta bakin tafinta, “Baba, yau inda ka ce nan za mu.” Ya kai mu wata kwana mai zurfi inda rassa biyu suke haɗuwa, itatuwa sun tare mana iska, ya ɗaure kwalekwalen ya ce a jira. Mun fi awa ɗaya babu ko motsi. Da ruwa ya fara juyawa zai fita, sai ya sa mini ƙaramin kifi mai rai a ƙugiya ya nuna mini wani wuri da haɓarsa. Ban gama gyara zama ba sanda ta lanƙwashe. Minti goma sha biyar muka yi, ina ja yana ja, kafin yaron ya ɗago shi da ƙugiyar hannu. Suka ce kafiten ne, na ce ban yarda ba, domin mu abin da muke kira kafiten a Yamai shi ne giwan ruwa, mai faɗin baya da ido mai ƙyalli. Wannan kuwa fari ne sol kamar azurfa, hancinsa ya zarce bakinsa, kuma ƙarƙashin kowane kunne akwai wasu zarurruka huɗu dogaye da yake laluben ƙasa da su. Suna ɗaya ne, kifi daban. Ma'aunin masaukin ya ba shi kilo bakwai da ɗan ɗori. Kafin ruwa ya tsaya mun ƙara biyu ƙanana, da daddare kuma matar da ke dafa abinci ta gasa mana rabinsa da albasa da lemun tsami, naman yana rabuwa fala-fala, babu ƙananan ƙayoyin da suke hana mutum sakewa da kifin kogi.

Game da abincin da ɗakin ba ni da abin cewa mai yawa: shinkafa da kifi kullum, ɗaki mai tsabta, gidan sauro babu huda, ruwan wanka mai ɗan gishiri.

Idan wani daga cikinmu zai je, shawarata ita ce ya nemi a turo masa jadawalin cikar teku kafin ya tsayar da rana, ya zaɓi kwanakin da ruwa yake tafiya da sassafe, kafin iska ta tashi, domin kwana uku a jere suna iya ture lokacin daga hantsi zuwa tsakar rana kamar yadda ya faru da ni. Ya tafi da zarensa da ƙugiyoyinsa, ya kuma ƙirga rigunan ceto da idonsa kafin a tayar da inji. Matuƙin ya cancanci kowace jika da na biya, har na ƙara masa goro daga baya. Masaukin kuwa rabin yabo zan ba shi har sai ya gyara kayansa ya kuma koya wa mai amsa wayarsa faɗin gaskiyar yanayi.

Akwai kuma gishirin, wanda ban ba shi muhimmanci ba. Salum kogi ne mai abin mamaki, domin ruwan daɗin da ke shigarsa kaɗan ne, rana kuma tana ƙafar da shi, har ya zama yadda ka ƙara nisa da teku haka gishirinsa yake ƙaruwa, shi ya sa ake haƙar gishiri a wajen garin Kaolack, can nesa da teku. Na tafi da abin naɗe zarena na gida, wanda ya yi mini shekara shida a kogin Isa ba tare da ya taɓa ciwo ba, na yi aiki da shi rana ta uku kawai. Dattijon ya ce in wanke shi da ruwan daɗi a daren, na ce sai na isa Dakar, a Dakar kuma na manta. Da na buɗe jaka a Yamai bayan kwana biyar, hannunsa ya ƙi juyawa, farin gishiri ya fito a bakin kowane kusa. Yanzu haka yana wajen wani mai gyaran agogo a unguwarmu, jiƙe cikin kananzir, ya ce in dawo ranar Alhamis.