Kunshin irin tsirrai masu cin ƙwari: abin da ke fitowa da abin da ke ƙi

Kunshin da ake tallatawa a shagunan intanet yawanci iri ɗaya ne: 'yan ledoji uku na iri, ƙananan tukwanen roba, murfi mai haske, da curin ƙasar fit, wato ruɓaɓɓen gansakuka. Irin su ne Dionaea, mai ganye kamar tarko da ke rufewa kan ƙuda, sai Drosera capensis mai gashi da danƙo, sai Sarracenia mai siffar tulu. Ya cancanci kuɗinsa, amma takardar bayanin da ke ciki ba ta isa ta jagoranci kowa ba.

Drosera ce ke fidda mai saye kunya. Asalinta yankin Kef ne a Afirka ta Kudu, irinta kamar ƙura yake, kuma cikin mako 2 zuwa 4 za a ga ɗige-ɗigen kore a saman ƙasa. A barbaɗa shi kawai, kada a binne ko kaɗan, domin haske yake so kafin ya tsiro. Wanda ya rufe shi da ƙasa ya gama da shi.

Dionaea kuwa sai an duba. Irin gaskiya baƙi ne wuluk, yana sheƙi, bai wuce milimita 1 da 'yan kai ba. In an ga iri mai launin ƙasa-ƙasa ko hoton tarko shuɗi a jikin leda, an yi wa mutum sakiyar da ba ruwa, babu Dionaea shuɗi a duniya. Sabon iri kan fito cikin mako 2 zuwa 5 a zafin digiri 24 zuwa 30, wanda ya daɗe a shago kuma sau da yawa ba ya fitowa, ga shi ba a rubuta ranar girbi. Shekara 3 zuwa 4 take yi kafin ta girma, kuma da yake daga Karolaina ta Amurka take, tana bukatar wata 3 na sanyi duk shekara.

Sarracenia ba ta tsirowa sai irinta ya yi mako 4 zuwa 6 a firiji, cikin leda da ɗan fit mai laima, a kusan digiri 4. Inda wuta ke zuwa tana tafiya, a saya da sanin haka.

Curin ƙasar ya yi kaɗan. A haɗa fit da falayit, wato wata farar tsakuwa marar nauyi, ko wankakken yashin silika, rabi da rabi, ba taki ko ƙwaya ɗaya, don gishirin taki ƙone saiwar yake yi. Tukwanen in ba su da huji a huda su, a jera a faranti mai ruwa santimita 1 zuwa 2.

Ruwa ne ke kashe mafi yawa. Na rijiya, na burtsatse da fiya wata duk suna ɗauke da ma'adinai. Abin da ake so ƙasa da 50 ne a ma'aunin TDS, wato ma'aunin yawan ma'adinan da suka narke a ruwa. Ruwan sama ya yi, ban da na farkon damina da ke wanko ƙurar kwano. Tataccen ruwan da ake zuba wa batir ma ya yi, muddin ba mai asid ba ne.

Murfin yana riƙe laima da hunturu, amma a rana tsaka ta bazara dafa 'yan tsiron zai yi cikin awa ɗaya. A huda shi, a ajiye inda hasken safe kawai ke taɓawa, in farin fumfuna ya bayyana a buɗe shi gaba ɗaya.