Akwatin gwajin lantarki na 'yan firamare: abin da ya yi da inda ya gaza

Na yi zango guda ina koyar da 'yan aji huɗu da biyar da wannan akwati. A ciki akwai gidan batir mai ɗaukar AA biyu, ƙananan ƙwayayen fitila huɗu, fitilun LED, makunni biyu, wayoyi goma masu maƙali irin bakin kada, ƙusa da naɗin wayar jan ƙarfe. An rubuta a jikinsa cewa ya ishi yara shida. Huɗu ne iyakarsa. In sun wuce haka, biyu sun zama 'yan kallo.

Darasin da ya fi ci shi ne na haɗa ƙwai biyu. A jera su a layi ɗaya, haske ya dushe, a cire ɗaya duka su mutu. A ba kowanne hanyarsa, sai su haska sosai, cire ɗaya bai shafi ɗayan ba. Yaro ya ga wannan da idonsa, ba ya buƙatar hadda.

Matsalar tana wajen littafin bayanin. Bai ce LED tana da gaba da baya ba: ƙafa biyu gare ta, doguwar ce ke zuwa wajen alamar + ta batir, in an juya ta ba za ta kama ba, yara kuma su ce ta lalace. Haka gwajin maganaɗisu. Ana naɗa wayar jan ƙarfen sau 40 a jikin ƙusa, a haɗa ta da batir don ƙusar ta zama maganaɗisu, amma wayar tana da wani siririn shafi mai hana wuta wucewa. Sai an kankare bakinta biyu har jan ƙarfen ya fito yana ƙyalli, in ba haka ba ko allura ƙusar ba za ta ɗaga ba. Kuma kada a bar wayar a haɗe fiye da daƙiƙa goma, tana zafi.

Abin da ya fi damuna shi ne rashin gargaɗi kan haɗa kan batir da gindinsa da waya tsura. Ƙarfin wutar batir biyu volt 3 ne kawai, ba sa jan mutum, amma wayar na iya ƙona yatsa, batirin kuma ya ƙare da sauri.

Wayoyin ma ba su da ƙarko, uku sun tsinke ta cikin robar, ido ba ya gani. Kafin darasi a gwada kowace da ƙwai ɗaya, a ware matattun. Ni ban zubar da su ba: ina saka ɗaya da gangan, in ce yara su nemo inda wutar ta tsaya.