Nokia 105 a aljihun sojan da ke bakin daga: abin da take iyawa da inda ta gaza

Sojan da aka tura Monguno, Dikwa ko Damboa ƙarƙashin Operation Hadin Kai yakan tafi da waya biyu, babba da ƙarama, amma bayan ya zauna sai a ga ƙaramar ce ke yin aikin. Nokia 105 tana cikin wayoyin da ake yi wa laƙabi da rakani-kashi: babu kyamara, babu intanet, fuskarta ba ta kai inci 2 ba. Kamfanin HMD ne ke ƙera ta yanzu. Ƙirar 2019 tana da batir mai ƙarfin 800mAh, ta 2023 kuma 1,000mAh, dukkansu a kan 2G suke tafiya.

Batirin shi ne dalilin sayenta. A sansanin da ake tayar da janareto na ɗan lokaci da dare, mutane da yawa na jiran soket ɗaya, wayar da ke neman caji kullum wahala ce. Wannan, idan kira kaɗan ake yi da yamma, takan yi kwanaki ba ta nema ba. Fawa-bank mai 10,000mAh ba ya bayar da duka abin da aka rubuta a jikinsa, kusan kashi ɗaya cikin uku yana tafiya wajen juya wuta da zafi, amma duk da haka zai cika ƙirar 2023 wajen sau shida. Babbar waya mai 5,000mAh sau ɗaya da ɗan ɗori za ta samu daga gare shi. Batirin Nokiar kuma ana cire shi, don haka ana iya riƙe na biyu a jaka, a naɗe shi a leda don kada bakinsa ya taɓa makulli ko wani ƙarfe.

Sai dai kwanakin da aka rubuta a kwali na inda sabis yake ne. Inda babu, wayar ba ta hutawa, tana ta lalube tana shan batir. A yankin da 'yan Boko Haram suka lalata turakun sadarwa tun 2012, kuma har yau wasu ƙauyuka sai an hau tudu ko saman mota ake samun sanda ɗaya ta sabis, abin yi shi ne a kashe ta gaba ɗaya, a kunna sai an isa wurin da aka san ana samu. Zafi ma yana cin batir. A watan Afrilu Borno kan wuce digiri 40, kuma wayar da aka bari a gaban mota ko a gefen faifan sola tana caji cikin rana, batirinta zai kumbura har murfin ya ƙi rufuwa. A bar faifan a rana, a ja wayar caji zuwa inuwa.

A sayi mai layi biyu. Kamfanin da ke kamawa a Maiduguri ba lallai ya kama a inda aka kai mutum ba, kuma a garuruwan iyaka kamar Banki da Gamboru mutane sun daɗe suna dogara da layin Kamaru. Ƙirar 2019 babban sim take ɗauka. Idan ƙaramin sim ne aka ɗora a kan ɗan firam ɗinsa, a tura shi a hankali, domin bakin firam ɗin kan maƙale a haƙoran ramin ya lanƙwasa su, daga nan kuma wayar ta daina ganin layi.

Wajen hulɗa da gida, abu uku take yi da kyau. Kira yana fita ko da sanda ɗaya ce, inda babbar waya ke ta juyi tana neman data. Tes ya fi kira haƙuri: idan uwargida ta turo alhali wayar tana kashe, saƙon yakan jira na wani lokaci ya shigo da zarar an kunna. Shafi ɗaya harafi 160 ne, amma idan mai turowa ya sa ƙ, ɗ ko ɓ daga babbar waya sai ya koma 70, kuɗin ya ƙaru, wani lokacin ma haruffan su fito kamar akwatuna. Na uku shi ne tura kuɗin cefane ta lambobin banki irin su *894# ko *737#. Matsalar ita ce idan aka tsaya lalube lokacin yana ƙarewa, kuma sabis mai rauni kan yanke ana tsakiya. A rubuta lambar asusun a takarda kafin a fara. Idan ya yanke bayan an sa lambar sirri, kada a maimaita sai an duba abin da ya rage, don nan ne ake tura kuɗi sau biyu. A kuma sa wa sim ɗin lambar kulle, saboda layin da ke haɗe da asusun albashi ya fi wayar kanta daraja idan ta faɗi a daji.

Inda ta gaza kuwa a fili yake. An yi haihuwa a gida, ba za ka ga hoton jaririn ba. Hajiya da ba ta iya rubutu ta saba turo saƙon murya a WhatsApp, wannan ba zai iso ba. Saboda haka ba ta maye gurbin babbar waya, tana dai rage mata aiki har a samu fas, wato izinin zuwa gida, ko a shiga gari. Rediyonta FM ne kawai, babu gajeren zango, kuma da an yi nisa da Maiduguri sai shuuu. A ƙirar 2019 sai an sa abin kunne yake kamawa, a ta 2023 an cire wannan sharaɗin. Ƙurar hunturu tana cika ramin caji har fulogi ya daina zama. Tsinken sakace da buroshin haƙori busasshe sun isa, ban da allura.

Rashin kyamara da GPS yana rage fitina, musamman da yake rundunar tana da doka kan abin da soja ke sakawa a kafafen sada zumunta. Amma kira kira ne, ana iya saurara. Ba a faɗin inda ake ko ranar tashi, ko da mahaifi ne ya tambaya. Tocilarta da hasken fuskarta kuma ana hango su daga nesa cikin duhu, don haka mai gadin dare ya kashe ta ko ya bar ta a ɗaki.

Jabu sun cika kasuwa. Kafin a biya, a danna *#06# a gwada lambar da ta fito da wadda ke jikin kwali da wadda ke ƙarƙashin batir, sannan a sa sim a yi kira a gaban mai shago. Wanda zai tafi ya haɗa da batir na biyu da wayar caji guda biyu, domin wayar cajin ce ke fara tsinkewa.