Rotten Tomatoes: shafin da ya kusa haɗa ni faɗa da ƙanina a kan Batman

Na daɗe ina so in faɗi ra'ayina a kan wannan shafin na Rotten Tomatoes, don tun 2016 nake leƙa shi duk sanda wani babban fim zai fito, musamman irin na su Marvel da DC ɗin nan. Ga wanda bai san shi ba, shafi ne na Amurka da aka buɗe tun 1998, wani Senh Duong ne ya fara shi, shi ma son finafinan Jackie Chan ne ya ja shi yake tattara abin da ake rubutawa a kansu. Aikinsu dai shi ne su kwaso sharhin da 'yan jarida masu duba finafinai suka rubuta su kasa gida biyu, wanda ya yaba a liƙa masa jan tumatir, wanda ya kushe a liƙa masa kore wanda ya fashe, sai su fitar da kashi nawa cikin ɗari ne suka yaba. Kashi 60 zuwa sama fim ya sha, ƙasa da haka ruɓaɓɓe ne. Iya aikin kenan fa. Amma wallahi in ka ga yadda ake zubar da mutunci a kan 'yar lambar nan sai ka rantse gado ake rabawa.

Ni ta dalilin ƙanina na san shi. Yaron nan ɗan gani-kashe-nin DC ne, tun da tirelar Batman v Superman ta fito ya canja hoton WhatsApp ɗinsa ya koma jemage, kullum yana lissafin kwanaki kamar mai jiran ɗaurin aure. Fim ɗin zai fito 25 ga Maris 2016, ana saura 'yan kwanaki kamfanin ya ba masu sharhi izinin sakin abin da suka rubuta. Ban manta ba muna zaune a kan dakali bayan isha'i, ba wuta, cajin wayarsa ya yi ja amma ya ƙi ajiye ta, sai jan shafin yake da babban yatsa yana sake buɗewa, duk buɗewa lambar ta ƙara gangarowa, shi kuma fuskarsa na ƙara haɗewa. Can sai ya ce "Yaya, sayen su aka yi. Disney mai Marvel ce ta ba su kuɗi don su kashe mana fim." Na ce to kai ka kalla ne? Ya ce "ba sai na kalla ba, Zack Snyder ne fa daraktan." Na yi dariya, shi kenan na ja wa kaina, kwana biyu gaisuwar safe ma a ciki-ciki yake yi min.

Lambar dai ƙarshenta ta tsaya ƙasa da kashi 30. Abin da ya fi ba ni dariya daga baya shi ne da na gano Warner Bros, wato masu fim ɗin na Batman da kansu, su ne suka mallaki shafin tun 2011, sai a farkon 2016 ɗin suka miƙa shi ga Fandango, kamfanin sayar da tikitin sinima, kuma ko a nan ɗin ma sun riƙe wani kaso. To in har cin hanci ne ke juya lambar ai da mai gida bai sha ruɓaɓɓen tumatir a tsakar gidansa ba. Na faɗa wa ƙanin nawa haka, ya ce ai shi ya sa suka sayar, sun gano munafukai ne a ciki. Mai son abu dai ba ya rasa amsa.

Kuma ba shi kaɗai ba ne, irinsa sun cika duniya. A watan Agustan 2016 ɗin, da wani fim ɗin DC, Suicide Squad, ya sha irin wannan kashin, wani matashi ɗan ƙasar Masar ya buɗe takardar koke a Change.org wai a rufe Rotten Tomatoes gaba ɗaya, dubban mutane suka sa hannu, alhali fim ɗin bai ma shiga sinima ba tukuna. Wanda ya fi muni kuwa na 2012 ne, lokacin wani fim ɗin Batman, The Dark Knight Rises. Wani mai sharhi Marshall Fine ya rubuta cewa shi fim ɗin bai burge shi ba, aka yi masa caa, zagi ta uwa ta uba har da barazanar kisa, sai da shafin ya rufe wurin kwamen na fim ɗin. Mutanen da ko sakan ɗaya na fim ɗin ba su gani ba suna neman ran wanda ya zauna kusan awa uku ya kalla. Haba jama'a.

Kar 'yan Marvel su yi murna, su ma nasu ya sha, sai dai ta wata ƙofar. A farkon 2019 kafin Captain Marvel ya fito wasu da ke jin haushin jarumar fim ɗin, Brie Larson, saboda maganar da ta yi cewa fararen maza sun yi yawa a cikin masu sharhi suka yi gangami suka dinga danna cewa ba sa son kallon fim ɗin suna zuba baƙaƙen maganganu, har shafin ya cire wannan ma'aunin ya kuma hana 'yan kallo yin kwamen kafin ranar fitowar fim. A watan Mayu na shekarar suka kawo tsarin tantance wanda ya sayi tikiti da gaske, ta hanyar Fandango. Gyara ne mai kyau, na yaba musu. Sai dai mu nan da muke sayen tikiti a kanta a sinimar Kano ko Abuja ba ma cikin wannan lissafin na waɗanda aka tantance, don haka in ka ga an ce 'yan kallo sun ba fim kashi kaza a ma'aunin nan mai hoton bokitin gugguru, galibi bakin Amurkawa kake ji.

Yanzu ga ainihin ƙorafina da shafin, kuma shi ne abin da masu faɗan nan ba sa tsayawa su gane. Lambar nan ƙirgen kawuna ce kawai. Ba ta gaya maka yadda fim ya kai wajen daɗi, tana gaya maka mutum nawa ne suka ce ba laifi. Ka ɗauka mutum goma sun ci tuwo a wani gida, kowannensu ya ce "to, ya dai ciyu", a tsarin Rotten Tomatoes tuwon nan ya ci kashi 100. Wani gidan kuma mutum biyar sun ce tunda uwarsu ta haife su ba su taɓa shan miya irin wannan ba, biyar sun ce yaji ya yi musu yawa, wannan kashi 50 ne, ruɓaɓɓe. Ni kam gida na biyun zan fara zuwa. Shi ya sa fim mai lallaɓa kowa, wanda bai ɓata wa kowa rai ba bai kuma girgiza kowa ba, yake samun lamba mai tsoka, wanda kuma daraktansa ya yi kasada sai ya raba kan mutane ya faɗo. A nan kam masoyan Snyder suna da 'yar gaskiya, ko da yake ba ta hanyar da suke faɗinta ba. Wani shafin, Metacritic, da ke ɗaukar matsakaicin maki ya ba Batman v Superman ɗin 44 cikin ɗari, ba yabo ba ne amma dai ba irin kisan wulaƙancin da ƙasa da kashi 30 ɗin Rotten Tomatoes ke nunawa ba.

Sai kuma lambar farko-farko, wadda ita ce ake kashe kai a kanta, ita ce kuma mafi rashin tabbas. Kamfanonin fim su ke zaɓar wa zai fara kallo da kuma ranar da za a bar shi ya yi magana, sau da yawa masu shafukan masoya ne ke fara shiga, waɗanda in an ba su kujera a bikin buɗe fim sun riga sun gama jin daɗi. Ant-Man and the Wasp: Quantumania na 2023 ya buɗe da kusan kashi 79, da sauran masu sharhi suka shigo ya zame ya koma arba'in da wani abu. A shekarar ce ma shafin Vulture ta fitar da rahoton wani kamfanin talla da ake zargi da biyan ƙananan masu sharhi don su ɗaga wasu ƙananan finafinai. Ka ga zancen kuɗi ba ƙarya ba ne ɗungurungum, sai dai ba a inda ƙanina yake nuna yatsa ba.

To me ya sa har yanzu ban daina buɗe shi ba? Saboda kyauta ne, kuma in ka wuce lambar ka gangara ƙasa akwai amfani sosai. Za ka ga 'yan layuka daga kowane mai sharhi da sunan jaridarsa, ka danna ka je ka karanta cikakke. Ni abin da nake yi in ɗauki biyu da suka yaba da biyu da suka kushe, in duba me ya dame su. In ƙorafin mutum shi ne fim ya cika duhu ba barkwanci, ni wannan bai hana ni kallo ba, in kuwa ya ce labarin ba kai ba gindi sai in riƙe kuɗina in jira ya sauko waya. Shafin dai yana da nauyi, hotuna da bidiyo da talla sun yi masa yawa, ranar da netwok ba ƙarfi sai ka yi haƙuri, data ma yana sha ba laifi. Kuma ba ruwansa da Kannywood, kar ma ka wahalar da kanka nema.

In za a ce in ba shi maki zan ba shi uku cikin biyar, wato kashi 60 kenan cif, jan tumatir da kyar. Ƙanin nawa kuwa ya je ya kalli Batman ɗin nasa a satin da ya fito, ya dawo ya shige ɗaki bai ce da kowa uffan ba. Sai bayan wata uku da aka saki dogon mai ƙarin minti talatin ya zo ya same ni a shago da filasha a hannu, ya ce "Yaya, wancan da ka gani ba shi ba ne, ga na gaskiyar nan."