Gyaran sifikar waya a wani shago na Farm Centre: abin da na gani da idona

Wayata ta fara shaƙewa ne a ƙarshen hunturun da ya wuce. Da farko na ɗora laifin a kan masu aiko mini da saƙon murya ta WhatsApp, sai da na lura cewa hatta ƙarar kira da ƙararrawar da ke tashina da asuba sun koma kamar ana magana daga cikin tulu, sannan na yarda cewa matsalar tana hannuna. Idan na ƙure ƙarar kuma, sai sautin ya riƙa rawa yana kakkaryewa kamar na tsohuwar rediyo. Wannan ne ya kai ni kasuwar waya ta Farm Centre da ke ƙaramar hukumar Tarauni a Kano, inda wani saurayi ya tare ni tun daga bakin hanya, ya yanke hukuncin cewa sifikar ta mutu tun bai ko karɓi wayar ba. Na yi masa godiya na wuce zuwa wani ɗan ƙaramin shago da wani abokin aikina ya kwatanta mini, kuma a kan wannan shago nake wannan sharhi, bayan na je shi sau biyu.

Shagon ba shi da wani kwarjini. Tebur ne guda mai fitila da madubin ƙara girma, da injin hura iska mai zafi, da benci ɗaya na masu jira, sai yara biyu masu koyon aiki. Abin da ya fara burge ni shi ne maigidan, wanda kowa ke kira Injiniya, bai ɗauki sukudireba ba sai da ya gama yi mini tambayoyi. Ya tambaye ni ko wayar ta faɗi, ko ta taɓa ruwa, ko kuma ina jin mutum sosai idan na kara ta a kunne. Ya bayyana mini cewa sifika biyu ce a jikin waya: ƙarama ta sama wadda ake karawa a kunne, wadda su ke kira iyafis, da babba ta ƙasa da ke fitar da ƙarar kira da ta bidiyo, wadda suke kira ringa. Mutane da yawa, in ji shi, suna haɗa waɗannan biyu da maufis mai ɗaukar murya su kira su duka sifika, shi ya sa akan canza abin da lafiyarsa ƙalau a bar mai ciwon.

Daga nan ya bi wayar daki-daki a gabana. Ya kashe Bluetooth, domin waya takan ci gaba da tura sauti zuwa wata na'urar da aka manta tana kunne a aljihu ko a mota. Ya duba matakan ƙara, waɗanda a wayoyin Android suke a rarrabe, na kira daban, na bidiyo da waƙa daban, na ƙararrawa daban. Ya sake kunna wayar a yanayin da manhajojin da mutum ya sauke da kansa ba sa aiki, don ya tabbatar ba wata manhaja ce ke riƙe sautin ba. A ƙarshe ya sanya abin sauraro na kunne ya kunna karatun da ke cikin wayar, sautin ya fito tas, sai ya ce, "Malam, injin wayarka lafiya yake, matsalar tana bakin fita." Duk wannan bai ɗauki minti goma ba, kuma duk mai waya zai iya yin sa a gida kafin ya kashe kuɗin mota.

Da ya sa ƙasan wayar a ƙarƙashin madubi ya ce in leƙa, sai na ga ƴan ramukan sifikar sun toshe da wani baƙin abu mai kama da kwalli. Ya goge su da buroshi mai laushi wanda ya ɗan jiƙa da sinadarin isofurofil, wanda ke bushewa nan take, sannan ya manna wani ɗanko ya ɗago. Abin da ya fito ba ƙura ce kaɗai ba, har da ɓurɓushin ƙarfe da ke tsaye cirko-cirko. Ya tambaye ni ko ina zama kusa da masu walda, kuma haka ne, akwai masu ƙera ƙofofi a jikin wurin aikinmu. Dalilin shi ne a cikin kowace sifika akwai maganaɗisu da ƴar waya da aka naɗe, da kuma wata fata siririya da ke kaɗawa ta fitar da sauti. Maganaɗisun yana janyo ɓurɓushin ƙarfe, ƙurar hunturu da gumin hannu su haɗu su daskarar da shi, har fatar ta kasa motsi yadda ya kamata.

Bayan sharar ƙarar ta ƙaru sosai, amma rawar sautin ba ta tafi ba. A nan ne ya nemi izinina kafin ya buɗe wayar, ya kuma faɗa mini kuɗin aikin tukuna. Ya ɗora mitar awon lantarki a kan sifikar, ta nuna kusan om 8, wato ma'aunin yadda abu ke tare lantarki, wanda shi ne abin da ake sa ran gani a yawancin irin wannan sifika idan naɗin cikinta bai tsinke ba. Sai ya juya ta a ƙarƙashin fitila ya nuna mini wata ƴar huda a jikin fatar, ya dube ni ya ce, "Malam, allura ce ko tsinken sakace?" Allura ce, kuma ni ne na soka ta da hannuna mako biyu kafin nan, ina ganin dabara nake yi. Ya ajiye mini sifika biyu in zaɓa, sabuwa ta kasuwa mai araha da kuma wadda aka ciro daga matacciyar waya irin tawa, ya ce ta biyun ta fi ƙarko duk da ta fi tsada kaɗan. Na ɗauki ta biyun, ya kuma miƙo mini tsohuwar a cikin ƴar leda, abin da ba kowane mai gyara ke yi ba.

Zuwana na biyu da wayar mahaifiyata ne, wadda ta yi shiru ɗif alhali alamar abin sauraro tana saman allo. Zaren aljihu ne ya cushe a ramin nan da ake soka abin sauraro, mai faɗin milimita 3.5, wayar ta ɗauka an sa mata abin kunne. Ɗaya daga cikin yaran ya zaro shi, Injiniya ya ce a gaishe da Hajiya, bai karɓi ko sisi ba.

Ina zaune a ranar wani mutum ya kawo wayar da ta faɗa cikin bahon wanki, ya ce ta kwana biyu a cikin shinkafa. Injiniya ya nuna masa ɗan farin tambarin da ke cikin wayar, wanda ke rikiɗa ya koma ja idan ruwa ya taɓa shi, ya ce shinkafa ba ta tsotse ruwan da ya riga ya shiga ciki, kwana biyun nan tsatsa kawai suka ba wa dama. Wannan ya yi daidai da gargaɗin da kamfanin Apple da kansa ya yi wa masu iPhone cewa kada su sa jiƙaƙƙiyar waya a shinkafa. Da ya gwada sabuwar sifika ita ma ta ƙi magana, sai ya faɗa wa mutumin gaskiya cewa ƙaramin ɓangaren da ke ƙarfafa sauti a kan fanel, wato farantin cikin waya da ke ɗauke da kayan lantarkinta, shi ne ya lalace, kuma ba aikinsa ba ne, ya tura shi wurin wani mai aikin fanel. A ganina wannan ya fi duk abin da ya yi mini daraja, domin da ya so da ya karɓi kuɗin sifika ya sallame shi.

Duk da haka akwai abubuwan da ban ji daɗinsu ba. Shagon ba ya ba da rasit, garantin da aka ba ni kuma na baki ne, wanda ba zai amfane ni da komai ba idan na dawo na tarar da yaran su kaɗai. Ɗaya daga cikin yaran ya nemi lambar buɗe wayata kai tsaye kamar ba wani abu ba, alhali a cikinta akwai manhajar banki da hotunan iyali. Da na ƙi, maigidan bai matsa ba, amma kamata ya yi a ce shi ne ya hana tambayar tun farko. Haka kuma sai da na tambaya sannan aka gaya mini cewa wayar da aka taɓa buɗewa aka sake mannewa ba za ta jure wa ruwa kamar da ba, ko da tana cikin waɗanda aka ƙera da kariyar ruwa mai lamba IP67 ko IP68. Jira ma akwai shi, musamman bayan la'asar, domin mutum ɗaya ne ke yin aikin gaske, benci kuma ba ya ɗaukar fiye da mutum uku.

Wanda zai je, ya je da hantsi, ya zauna a yi aikin a gabansa, ya kuma nemi a rubuta masa ranar gyara da abin da aka canza ko a bayan kati ne. Sifikar da aka sa mini tana aiki har yanzu ba tare da rawa ba, sai dai na lura amonta bai kai zurfin na asali ba idan ana sauraron karatu a ɗaki mai faɗi. Na daina ajiye wayar a kan tagar da ke kallon masu walda, allurar kuma ta koma cikin gwangwanin ɗinkin uwargida.