Aikin da anka yi mani a Birnin Kebbi ina kan maganin sitiroyid shekara bakwai

Wata huɗu ke nan da anka yi mani aikin ƙarin mahaifa a wani asibitin kuɗi cikin Birnin Kebbi, kuma tun da na dawo gida Argungu mata ke ta tambayata ya wurin yake, su je ko kar su je. To bari in rubuta sau guda in huta da maimaici. Ba ni kiran sunan asibitin, don akwai alherin da sunka yi mani wanda har in koma ga Allah ba ni mantawa, akwai kuma sakacin da ya kusa kai ni kushewa, kuma duka biyun a kan ƙwaya guda ne, wata 'yar fara da ko girman wake ba ta kai ba.

Ina da ciwon gaɓɓai, irin mai kama yatsu da wuyan hannu da gwiwa, ki tashi da safe hannu ya sandare ko ɗaurin zane ba ki iyawa, lokacin hunturu kuwa alli ma gagarata riƙo shike yi a aji. A 2017 wani likita a Sakkwato ya ɗora ni kan magani, a jikin katin an rubuta Prednisolone 5mg, irin maganin da ake ce ma sitiroyid, ya ce in sha biyu kullum da safe, in dawo bayan wata guda a duba a fara ragewa. Ban koma ba. Wanga laifina ne ba na kowa ba, sati bai zagayo ba na ji ni garau kamar an zare mani ƙaya, ga shi kowane kemis akwai shi, da arha, ba mai tambayarki takardar likita. Haka na yi ta sha har shekara bakwai, da azumi in mayar da shi sahur. Fuskata ta cika ta yi zagaye, ana ta cewa Malama hutu ya karɓe ki, ni kuma ina washe baki. In ya ƙare na yi kwana biyu ban sha ba sai kasala da jiri da tashin zuciya su taso mani, in ce ciwon ne ya dawo, in aika yaro kemis.

Da jinin al'ada ya fara yi mani yawa har ina ganin duhu in na miƙe, anka yi sikanin anka ga ƙari guda uku, anka ce sai aiki. Munka sa rana bayan ƙaramar salla ta 2024, tsakiyar zafin Afrilu. Likitan da zai yi aikin mutumin kirki ne, amma akwai sauri, ya tambaye ni hawan jini? babu. Suga? babu. Kina shan wani magani? na ce a'a. Wallahi ba ƙarya na yi niyya ba, ƙwayar ta zame mani kamar gishiri a miya, ban ma lissafa ta cikin magani ba. Ga Gwaggo a gida ta kafe kan cewa duk wanda za a yi ma aiki shi bar shan maganin bature sati guda don jini shi wanke, kuma har na ɗauki shawarar, na ce daga ranar da anka kwantar da ni na ajiye ta.

Ana gobe aiki da la'asar sai ga likitan sa barci, yaro ne matashi, ni na ɗauka ɗalibi ne ma. Shi bai yi sauri ba. Ya kalli fuskata, ya juya hannuna ya ga tabon taruwar jini nan da can wanda ban san sadda na buge ba, ya ga nankarwa masu duhu a gefen cikina, sai ya ce, Malama don Allah zazzage mani jakarki nan bisa gado. Na ji kunya don akwai goro da tarkace, amma na zazzage. Shina ganin katin ya ɗauka ya ce tun yaushe? Na ce tun 2017. Ya yi shiru, ya jawo kujera ya zauna, nan na san akwai magana.

Bayanin da ya yi mani shi ne abu mafi daraja da na biya kuɗi a asibitin nan. Ya ce bisa kowace ƙoda akwai wata 'yar tsoka zaune kamar hula, ita ke yin wani sinadari da ake ce ma kotisol, shi ke riƙe ƙarfin bugun jini da suga in jiki ya shiga wahala, zazzaɓi mai zafi ne, hatsari ne, haihuwa ce, ko wuƙar likita. Ƙwayar da nike sha 'yar'uwar wanga sinadari ce, to in jiki ya ga ana kawo mashi daga waje kullum sai 'yan tsokar nan su kwanta su bar aiki. Ya ce kamar rijiyar gida ce da anka bari don an jawo famfo, shekara bakwai ba a yasa ta ba, ranar da famfo ya ɗauke kuma ranar biki ce, me za ki ba baƙi? Ranar aiki jiki na buƙatar ninkin abin da ya saba, nawa kuma ba shi iya yin ko na kullum, in da na ajiye ƙwayar kamar yadda Gwaggo ta ce, jinina na iya faɗuwa a bisa tebur ko bayan an fito, a yi ta ƙarin ruwa ba shi tashi. Ya ce duk wanda ya kai sati huɗu shina shan miligiram 5 ko fiye kullum ana lissafa shi cikin masu wanga hatsari, ni kuwa 10 nike sha, har wanda ya bari 'yan watannin baya shi ma shi faɗa, don 'yan tsokar ba su farkawa rana guda, wani sai ya ɗauki watanni.

Daga baya ƙanena mai karatun aikin jinya ya ce mani ai tun 1952 likitoci a Amurka sunka ba da rahoton wani mai ciwon gaɓɓai irin nawa, shina kan kotison, wani sitiroyid ɗan'uwan ƙwayata, anka daina ba shi gab da aiki, jininshi ya faɗi bayan aikin ya mutu. Abin da anka sani tun kafin a haifi Inna, ni sai a bakin gadon asibiti na ji shi.

Ya rubuta tsarin da jan biro a gaban fayil ɗina. Da asuba in sha ƙwayata biyu da kurɓin ruwa guda duk da an ce kar in ci komai, don ni na ɗauka hanin ya haɗa da ita. Kafin a fara aiki a yi mani allurar haidirokotison, wato kotisol ɗin nan na allura, miligiram 100 ta jijiya, bayan nan 50 duk awa shida har in fara cin abinci, sannan in koma ƙwaya amma ninki biyu na kwana biyu, sai in dawo yadda na saba. Ya sa anka auna suga da gishirin jini, ya ƙara mani maganin kare ciki don ya ji ina haɗawa da maganin ciwo na kemis, ya ce haɗin nan shi ke huda ma mutane ciki. Ya juya wurin ƙanwata da ke jinyata ya ce, ke ma ki riƙe lokutan nan a kai.

Aikin kanshi ba ni da abin faɗi sai godiya. Allurar baya anka yi mani, rabin jiki ya mutu, ina jin maganarsu sama-sama, janareta bai ɗauke ba, leda guda ta jini anka ƙara mani cikin biyun da maigida da ɗan'uwanshi sunka bayar. Ɗakin da anka kai ni akwai tsabta, fanka na aiki, banɗaki da ruwa, wanda duk ya taɓa jinya a Afrilu ya san wanga ba ƙaramin abu ba ne.

Da dare ne abu ya lalace. Allurar 4 na yamma an yi. Ta 10 na dare ba a yi ba, nas ɗin rana ta tafi ba ta gaya ma ta dare ba, ita kuma ta dare ta duba tire ba ta ga maganin ba, famasi ya rufe, sai ta yi mani na kashe ƙwayoyin cuta da na ciwo ta wuce abinta. Ƙanwata gajiya ta kayar da ita bisa tabarma. Ta 4 na asuba ma haka ta wuce. Ana kiran assalatu na fara amai, zufa mai sanyi ta rufe ni, ina son in ɗaga hannu in taɓa ƙanwata hannun ya ƙi, ɗakin na ta nisa kamar ana ja na cikin rami. Da anka auna jini 80 bisa 50. Nas ta ce gajiyar aiki ce Hajiya, ta buɗe ƙarin ruwa. Nan ƙanwata ta farka da jan biron nan a kai, ta ce Sista allurar awa shida fa, an yi ta goma? Shiru. Yarinyar nan da ko gaban yayyenta ba ta ɗaga murya, ranar har bakin ƙofa ana jin ta, ta ce a kira mata likitan sa barci yanzu-yanzu.

Ya zo da silifas. Ya fara duba cikina da ɗinkin don shi tabbatar ba jini ke zuba ta ciki ba, don ya ce shi ma haka shike kayar da mutum, ya sa anka ɗauko maganin daga ɗakin tiyata ya yi mani 100 nan take, ya sa ruwan gishiri na gudu. Kafin rana ta ɗaga na buɗe ido sosai har na nemi kunu. Ban ji abin da ya ce ma nas ɗin ba, a waje sunka yi, amma daga ranar takarda anka liƙa a bangon kaina da lokutan allura, kowa ya yi sai ya sa hannu.

Ni ban riƙe nas ɗin a zuciya ba, mace guda da gadaje fiye da goma. Asibitin na riƙe. Wurin da ke karɓar kuɗi irin wanga bai kamata a ce maganin da ke riƙe da ran mutum shina kulle a famasi mai makulli ya tafi gida ba, kuma har anka sallame ni ba wanda ya zo daga ofis ya ce mani yi haƙuri, sai ma lissafi da ya fito ya zarce abin da anka faɗa da farko, har allurar gaggawar nan an saka a ciki. Maigida ya so shi yi magana na ce Malam bari, mu dai mu fita lafiya.

Sauran abubuwan da mai shan irin maganin nan za ta gani, gara in faɗa. Suga ya hau mani kwana biyun farko duk da ba ni da ciwon suga, ana ta huda mani yatsa, ya sauka da kanshi da anka rage allurar. Fatata ta yi laushi, filasta da anka ɓare ta tafi da fata, har yau tabon na nan gefen ɗinkin. Ciwon bai haɗe da wuri ba, wadda anka yi muna aiki rana guda an warware mata zare ta tafi, ni anka ƙara mani kwanaki, gefe guda kuma ya yi ta ɗan ruwa sai da na yi sati uku ina zuwa wankin ciwo. Likita ya gargaɗe ni kar in jira zazzaɓi kafin in ce ciwo ya ruɓe, don maganin na iya danne zafin jiki, in duba ja da kumburi da wari.

Wata magana da ya yi mani ranar sallama ta tsaya mani a rai. Ya ce ire-irena masu ciwo namu da sauƙi, in an matsa muna faɗa, waɗanda ke ba shi tsoro su ne masu shan sha-ka-fashe don ƙiba da masu shafa man bilicin shekara da shekaru, don da yawa cikin kayan nan akwai sitiroyid, kuma kunya ba ta barin su faɗa. Dekza ɗin nan da ake haɗawa a maganin ƙiba, shi ma sitiroyid ne, 'yan ƙwayoyi biyu na rabin miligiram sun fi ƙwayata guda ta 5 ƙarfi. Na tuna amare nawa na sani da anka ɗura ma shi kafin biki, shekara na zagayowa kuma ga su a ɗakin haihuwa ana cewa sai an yi aiki.

To masu tambaya ko su je. Hannun likitocin na da kyau, in wani aikin ya kama ni can zan koma, amma da sharaɗi, sai na ga likitan sa barci ido da ido kafin ranar, in zazzage mashi jaka tun bai tambaya ba, in sayi alluran dare tun da rana su kwana ƙarƙashin matashina, kuma mai jinyata ta sa ƙararrawa a waya. Takardar sallamar da sunka ba ni ko kalma guda babu kan yadda zan koma shan ƙwayar, shi yaron likitan sa barcin ne ya yagi takarda ya rubuta mani da hannunshi sunana da sunan maganin da yawan da nike sha, ya ce ta zauna a jakata duk inda za ni, ko haƙori za a cire mani in nuna. Ya kuma rubuta mani wasiƙa zuwa asibitin koyarwa na Usmanu Danfodiyo a Sakkwato, wagga karon na je, sun sa ni kan wani magani na sati-sati, ita kuma farar ana janye mani ita kaɗan-kaɗan, yanzu ina kan ɗaya da rabi. Gwaggo har gobe cewa take rubutun da ta aiko mani a gora shi ya tashe ni da asubar nan, ni kuma ban musa mata ba, na sha shi kuwa.